Jijiyar da Ta Kumbura a Cikin Baba

Baba ne ya ce in rubuta. Ya ce tunda ni na riƙe kati na bi layi tun daga farko, ni zan fi kowa iya faɗin yadda abin ya kasance, ko Allah zai sa wani ya karanta ya kai nasa tsohon asibiti da wuri. Sunana Hadiza, ina koyarwa a wata makarantar firamare a Kakuri. Ni ce babba a gidanmu, kuma sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, shi ya sa ba ya kiran sunana, sai dai ya ce Uwata.

Baba tsohon ma'aikacin masaƙa ne. Gaban injin saƙa ya ƙarar da ƙuruciyarsa, har ranar da aka rufe kamfanin aka sallame su. Daga nan ya koma noma. Yana da gona a Kakau, masara da waken suya, ya je a babur ya dawo. Mutum ne siriri, mara son magana a kan jikinsa. Yana da hawan jini, amma sai kansa ya sara yake tunawa da ƙwayar. Sigari kuwa tun yana saurayi yake sha. Ba ya kunnawa a gabanmu, sai ya zaga bayan gida, mu kuma mu yi kamar ba mu ji warin ba.

Farkon daminar bara ya fara kukan ciwon baya, can ƙasa wajen ƙugu. Kowa ya ce huɗa ce, manomi da ciwon baya ai ba baƙon abu ba ne. Sai kuma abinci ya rage shiga. Loma kaɗan zai yi ya ture kwano ya ce ya ƙoshi. Mai kemis ɗin layinmu ya ce olsa ce, ya ba shi farin maganin nan na ruwa da ƙwayar ciwon jiki. Ya sha kwalba bayan kwalba, ba abin da ya canza.

Wata rana bayan azahar na biya gida daga makaranta, Mama ta yafito ni da hannu.

"Hadiza, zo ki ga wani abu, amma kada ki tashe shi."

Baba yana kwance rigingine a tabarma, daga shi sai singileti, barci ya ɗauke shi. Mama ta nuna mini saman cibiyarsa. Singiletin yana ɗagawa yana sauka, ba irin na numfashi ba, da sauri-sauri, kamar akwai wata zuciyar a wurin. Na ɗora tafin hannuna a hankali. Abin ya buge ni a hannu. Da ya farka na tambaye shi, sai ya ce ai ya daɗe yana jin sa, musamman in ya kwanta, ba ya dai yi masa zafi shi ya sa bai kula ba.

Labari ya kai kunnen Baffa Sale, ƙanin Baba uwa ɗaya uba ɗaya, mai sayar da katako a Unguwar Sanusi. Baffa mutum ne mai murya, in ya shigo gida kowa ya san ya zo. Ya taɓa cikin ya ce, "Wannan mataccen jini ne ya taru. Ƙaho kawai yake so." Kashegari ya zo da wanzami. Aka yi wa Baba ƙaho a baya, wanzamin ya ce a bari jiki ya huta, Asabar mai zuwa zai dawo ya yi na cikin. Mama kuma a nata ɓangaren kullum da yamma sai ta dafa ruwa, ta tsoma tawul ta matse, ta gasa masa wurin tana dannawa da ƙarfinta, wai ko ƙullutun zai narke. Wata ƙanwar Mama ta aiko da saƙe-saƙi a jarka, ta ce na daji ne.

Ni dai hankalina bai kwanta ba. Na nemi izini a makaranta na kai shi asibitin gwamnati. Mun isa da sassafe, muka tarar da layin kati ya kai bakin ƙofa. Daga kati sai layin awon jini, daga nan sai bencin jiran likita, muna matsawa kaɗan-kaɗan har rana ta take. Da aka kira shi ya ce in jira a waje. Bai daɗe ba ya fito da takardar magani, na olsa da na hawan jini. Na ce, "Baba, ka nuna masa abin da ke bugawa?" Ya ce, "Bai tambaya ba." Likitan bai ce ya kwanta ba, shi kuma bai ɗaga riga ba.

Ana jibi wanzami zai dawo na sake jan sa muka koma. Wannan karon na bi shi har ciki, yana harara ta ban kula ba. Wata matashiyar likita muka samu. Na gaya mata abin da muka gani. Baba ya yi ta jan jiki, ba ya son buɗe ciki gaban yarinyar da ya haifi wadda ta girme ta, amma ta lallashe shi ya hau gado. Ta sa yatsun hannayenta biyu, ɗaya a kowane gefen ƙullutun, ba ta danna ba. Ina tsaye ina kallo, duk bugu ɗaya sai in ga yatsun nata sun ware sun dawo. Ta janye hannu ta gyara masa riga da kanta.

"Akwai mai taɓa wurin nan a gida?"

Na gaya mata gashin da Mama ke yi, da maganar wanzami.

Ta ajiye biro ta dube ni. "Anti, daga yau kada wanda ya sake taɓa cikin nan. Ba gashi, ba dannawa, ba ƙaho. Ko jikoki kada su hau masa ciki da wasa. Gobe da safe kada ya ci komai, ku je a yi hoton ciki, ku kawo mini da kanku, ba sai kun bi layi ba."

Aka yi hoton. Mai ɗaukar hoton ya daɗe yana zagaya abin a kan cikin, sannan ya fita ya kira wani suka dawo tare suna magana ƙasa-ƙasa. Da muka kai wa likitar, ta yi mana bayani dalla-dalla. Ta ce akwai babbar jijiyar da ke ɗauko jini daga zuciya, ta biyo ta ƙirji ta sauko ciki, sannan ta rabu biyu zuwa ƙafafu. Sunanta ayota. Wannan kalmar ta zauna mana a gida, har Mama ta iya ta. Ta ce bangon jijiyar Baba ne ya yi rauni a wani wuri, ya buɗe ya kumbura, kuma shi ne yake danne masa baya da hanji. Ta rubuta mana takarda zuwa asibitin koyarwa da ke wani gari, ta ce a can ne ake da masu wannan aikin.

Da na gaya wa Mama abin da aka ce game da gashi, ta zauna a bakin murhu ta dubi hannayenta ta daɗe. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ashe da hannuna na so in kashe shi." Na ce ba ta sani ba, ba wanda ya sani. Ranar Asabar wanzami ya zo da jakarsa, ita ta fita da kanta ta ba shi haƙuri ta sallame shi.

Zuwa asibitin koyarwa wani aiki ne daban. Mota muka ɗauka shata, don ba zan iya sa Baba a motar haya a matse shi ba. Duk ramin da muka faɗa sai in juya in dube shi, shi kuma yana kallon gonakin mutane ta taga yana cewa masarar wane ta fi ta wane. A can aka ce sai an yi babban hoto, wanda ake tura mutum cikin na'ura bayan an ɗura masa wani ruwa ta jijiya, kuma kafin shi sai an gwada ƙoda. Ranar da muka je da sakamakon ƙodar, na'urar ta lalace. Aka tura mu wani wurin kuɗi a cikin gari. Sati biyu suka tafi a wannan kai-komon.

Babban likitan tiyatar dattijo ne mai furfura, Hausarsa ta kasuwa ce amma ana gane shi sarai. Ya ɗaga hoton ya nuna wa Baba.

"Baba, kana hawa babur?"

"Ina hawa."

"Ka san yadda tif ɗin taya yake yin ƙulu a gefe ɗaya idan ya tsufa? To haka jijiyarka ta yi. Tana da girman da ya wuce a zuba mata ido. Magani ba ya mayar da ita. Ba zan iya ce maka ga ranar da za ta fashe ba, wata ne ko shekara. Amma idan ta fashe kana gida, da wuya a iso da kai nan da rai."

Sannan ya faɗi ɗaya ɓangaren, bai rage komai ba. Za a buɗe cikin tun daga ƙasan ƙirji har mara, a tsayar da jinin da ke bi ta wurin, a ɗinka wani bututu a madadin inda ya lalace. Ya ce aikin babba ne, akwai waɗanda ba sa tashi, akwai waɗanda ƙodarsu ke tsayawa, kuma huhun mai shan sigari ba ya son irin wannan aiki. Ya ce mu je gida mu yi shawara.

Shawarar ba ta yi daɗi ba. Baffa Sale ya ce, "Mutum yana tafiya da ƙafarsa, yana sallarsa a tsaye, ku ɗauke shi ku kai a farke shi? Shi kansa likitan ya ce ba tabbas. To a bar wa Allah mana!" Ƙanina Nura, da ke aiki a Fatakwal, yana ta waya yana cewa a yi. Baba ya bari kowa ya gama, ya ce ba za a yi ba. Ya tashi ya shiga ɗaki.

Haka muka zauna kusan sati biyu. Na daina barcin kirki. In wayata ta yi ƙara ina cikin aji sai in fita a guje in ɗauka.

Wanda ya warware mana shi ne Baba Bitrus. Abokin Baba ne tun masaƙa, layin inji ɗaya suka yi aiki, mutumin kudancin Kaduna ne, yana zaune a Romi. Ni na je na same shi na gaya masa. Ranar Lahadi da ya taso daga coci ya zo da kayansa na coci a jiki, ya zauna a kujerar tsakar gida.

"Isiyaku, kai da kake zura hannu cikin inji yana gudu ka ciro zare, yau kai ne kake tsoron wuƙa?"

Baba ya ce, "Ba wuƙar nake tsoro ba, Bitrus. Ka ji abin da aikin zai ci? Sai an taɓa gonar nan. A sayar, a yanka ni, in mutu a kan tebur, in bar su ba ni ba gona. Wannan nake gudu."

"To in ka zauna abin ya fashe fa? Gonar ce za ta zauna da Mama a tsakar gida tana mata hira?"

Mama tana gefe tana tsince shinkafa. Ita da ba ta sa baki in maza suna magana, ranar ta ce, "Malam, tunda don mu kake yi, to a tambaye mu. Ni na zaɓa. A sayar."

Daga nan Baba ya yarda ya koma ganin likita, Baba Bitrus ya raka mu. A can ya yi tambaya ɗaya: wane irin bututu ne za a sa masa, roba ce ko ƙarfe? Likitan ya buɗe durowa ya ɗauko wani guntu da yake nuna wa ɗalibai, fari, mai lanƙwasa, ya miƙa masa. Baba ya murza shi tsakanin yatsu, ya kai shi kusa da ido, ya miƙa wa Baba Bitrus.

"Kai, duba nan. Ai saƙa ce."

"Wallahi saƙa ce," in ji Baba Bitrus. "Kuma ta matsu."

Likitan ya yi dariya ya ce ƙwarai zare ne aka saƙa, kuma jiki yana karɓar sa ya lulluɓe shi. Baba ya sake jujjuya shi, ya ja ya ga bai saki ba. Ya ce, "To, a yi. Allah ya sa a dace."

Ba zan ambaci adadin kuɗi ba, don abin da muka biya bara ba shi za a biya bana ba. Abin da zan ce shi ne an yanki rabin gonar Kakau an sayar, Nura ya turo abin da yake tarawa na aure, 'yan'uwana malamai sun yi mini karo-karo. Baffa Sale, duk da bai fasa cewa ganganci muke yi ba, ya zo da nasa a baƙar leda ya ajiye gaban Mama, ya fita bai zauna ba.

Bututun daga Legas aka yi odarsa, sai da muka jira. Wannan jiran ya fi komai wahala. An hana Baba babur, an hana shi ɗaukar ko bokitin wanka. An ce kada ya yi yunƙuri a bayan gida, Mama ta koma ba shi gwanda da miyar kuɓewa kullum. Na aro na'urar awon jini muna gwadawa safe da yamma, ƙwaya kuma a hannuna yake karɓa. Sigari ne aka yi yaƙi. Kwanakin farko ba mai iya yi masa magana, ko sallama ka yi sai ya ce ka cika ihu. Mama ta cika masa aljihu da aya da dabino. Da ya ji abin ya taso sai ya ɗauki asuwaki ya fita ƙofar gida.

Sai maganar jini. Asibitin ya ce sai mun kawo masu bayarwa da yawa kafin a sa rana. Ni aka gwada aka ce nawa bai isa ba. Ina cikin tunanin inda zan nufa, Baba Bitrus ya ce in bar masa. Ya zo da 'ya'yansa maza da wasu samarin cocinsu. Oga Chidi, makaniken da garejinsa ke bakin layinmu, wanda Baba ke kai wa babur, ya rufe gareji ya zo da ma'aikatansa. Liman ya yi sanarwa bayan sallar asuba, samarin unguwa suka fito. Bas guda muka cika. Wani ƙaton makanike da ya fi kowa cika baki a hanya, yana ganin allura ya sulale ƙasa, sai da aka yi masa fifita. Har yau in ya gan ni sai ya ce, "Anti, abeg, kada ki tuna mini."

Aka kwantar da Baba, aka sa rana. Aka hana shi abinci tun daren jiya, aka yi masa aski a ciki, aka sa masa rigar tiyata. Muka zauna jiran masu gadon turawa. Hantsi ya yi, azahar ta yi, ba wanda ya ce mana komai. Na je wajen wata nas na tambaya, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce in koma in zauna, ba mu kaɗai ba ne a asibitin. Sai wajen la'asar wani ƙaramin likita ya zo ya ce an ɗaga aikin, gadon ɗakin kulawa ta musamman da aka tanadar wa Baba an ba wani da ya yi haɗarin mota. Ban ji haushin wanda aka ba gadon ba, shi ma ɗan wani ne. Abin da ya ƙona mini rai shi ne barin tsoho mai hawan jini da yunwa da fargaba wuni guda, alhali tun safe sun sani. A wannan ɗakin dai kuma akwai wata nas, Sista Rifkatu, wadda ta haɗa masa shayi da kayanta, ta zauna tana ba shi labarin garinsu har ya yi dariya. Duk asibiti ɗaya.

Bayan sati aka sake sa rana, wannan karon aka yi. Da za a tura shi ya kira ni.

"Uwata, in ban fito ba, kada wanda ya ɗaga wa likitan nan murya. Ya gaya mini gaskiya, ni na sa hannu. Ki gaya wa Sale."

Ya dubi Mama ya ce ta yafe masa. Ta ce, "Ka je ka dawo, Malam, ma yi wannan maganar a gida." Sai da gadon ya sha kwana ta zauna a ƙasa, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Tun safe aka shiga, ba a fito ba sai bayan la'asar. Tsakanin nan an leƙo an aike ni sayo magani sau da yawa, ina gudu ina dawowa, kowane leƙowa ina zaton mummunan labari ne. Baffa Sale yana can ƙarshen baranda yana jan carbi. Da likitan ya fito, hularsa jiƙe da gumi, ya ce an gama, bututu ya zauna, jini yana sauka ƙafafu. Ya ce bangon jijiyar ta baya ya riga ya yi siriri ƙwarai. Ya ƙara da cewa kada mu yi murna tukuna, kwanakin da ke tafe su ne za su nuna.

Da aka bar ni na leƙa ɗakin kulawa, da ƙyar na gane shi. Bututu a baki, bututu a hanci, ledar jini a sama, ledar fitsari a ƙasa. Na koyi cewa wannan ledar ta ƙasa ita kowa ke kallo, don ita ke nuna ƙoda tana aiki. Ban taɓa zaton zan yi addu'a a kan fitsari ba, amma na yi. Kowane lokaci kuma nas za ta zo ta taɓa bayan ƙafarsa ta ji ko da ɗumi, ko jini yana bugawa. Rana ta biyu fitsarin ya ragu, aka yi ta kai-komo, aka ƙara ruwa da allurai. Zuwa washegari ya dawo.

Da aka mayar da shi babban ɗaki, sai kansa ya ɗan rikice. Ya ɗauka yana masaƙa, yana ta cewa a kashe inji zare ya tsinke, yana kiran sunayen mutanen da suka daɗe da rasuwa. Mama ta tsorata ta ce ko an taɓa masa ƙwaƙwalwa. Sista Rifkatu ta ce tsofaffi suna yin haka bayan babban aiki, zai wuce. Ya kuwa wuce. An hana shi ko ruwa sai hanji ya motsa, kullum likitoci in sun zagayo tambayarsu ɗaya, ya yi tusa? Baba, mutumin da ko hamma ba ya yi gaban 'ya'yansa, ya zama ana yi masa wannan tambayar gaban kowa. Ranar da abin ya samu, shi da kansa ya ce, "Uwata, je ki gaya musu an yi." Aka fara ba shi ruwa a cokali, sannan kunu tsararo.

Tari ne azabarsa. Dole ya yi don huhu ya washe, kuma kowane tari kamar za a farke ɗinkin. Aka koya mana ya rungume filo a ciki. A nan ya ce da ya san haka sigari zai yi masa, da ko kyauta bai karɓa ba. Aka tashe shi tafiya tun yana ganin ba zai iya ba, ni a dama, Nura da ya iso daga Fatakwal a hagu, daga gado zuwa ƙofa, sannan zuwa ƙarshen baranda.

Mun dawo gida, amma jinya ba ta ƙare ba. Ƙasan ɗinkin ya yi ruwa ya fara wari, muka koma a guje, aka buɗe wurin kaɗan aka ce a riƙa wankewa kullum har ya cike daga ciki. Wata nas a unguwarmu ce ta riƙa zuwa kafin ta tafi aiki. Baba ya rame har wandunansa suka daina zama. Ya yi shiru, ba ya son baƙi, a kujera yake salla, wani lokaci in same shi yana kallon bango. Abin da ya fara dawo da shi, ranar da 'ya'yan Baba Bitrus da Baffa Sale suka sauke buhunan masara a tsakar gida. Su suka je Kakau suka girbe rabin da ya rage. Baba ya sa aka kwance buhu ɗaya, ya ɗebi masarar ya duba, ya ce an bar ta ta sha ruwa. Mama ta ce, "Alhamdu lillahi, tunda ya fara ƙorafi ya warke."

Yanzu yana tafiya masallaci da ƙafarsa, yana ruku'u da sujada. Gona yana zuwa, amma a mota, ya tsaya ya nuna a yi. Ƙwayar hawan jini ba ya fashi. Sigari bai koma ba.

Ga mai karatu, abin da zan ce kaɗan ne. In tsohonka, musamman namiji mai hawan jini ko mai shan sigari, yana jin abu yana bugawa wajen cibiya, ko ciwon baya da ya ƙi jin magani, kada a gasa, kada a danna, kada a tsaga. A je a yi hoton ciki. A shiga ɗakin likita tare da shi, domin iyayenmu ba sa faɗin komai sai an tambaye su. In kuma ciwo mai tsanani ya taso masa farat ɗaya a ciki ko a baya, da jiri da gumi, ba kemis za a nufa ba, babban asibiti ne kai tsaye.

Akwai abu ɗaya da likitan ya gaya mana a zuwanmu na ƙarshe. Ya ce wannan ciwon yana bin jini, duk ɗan'uwan Baba namiji da ya manyanta ya je a duba shi, ko ba ya jin komai. Ɗan'uwan Baba namiji ɗaya ne ya rage. Na kai wa Baffa Sale saƙon har shagonsa, ya ce lafiyarsa ƙalau, ba zai je neman ciwon da bai neme shi ba. Nura ya kira shi, ya kashe waya. Da Baffa ya zo gaida Baba wata ranar Juma'a, Baba ya bari ya gama cin abinci, sannan ya ɗaga riga ya nuna masa tabon, tun daga ƙirji har ƙasa.

"Sale, ni na sha wannan na tashi. Ni ne babba. Ban shirya tsayawa a kan gawarka ba."

Baffa ya ce ai rai na hannun Allah, ya sa takalmi ya tafi. Muka fidda rai.

Bayan kamar wata guda, ina shirin fita makaranta da safe, na ji sallama. Baffa ne tsaye a ƙofar gidana, da wankakkiyar riga da hula, muryar nan tasa duk ta yi ƙasa.

"Hadiza, an ce ba a cin komai kafin hoton nan, ko?"

Na ce haka ne.

"To ban ci ba. Ki raka ni. Kuma kada babanki ya ji."

Na kira shugabar makarantarmu, muka tari keke. An samu kumburi a tasa jijiyar shi ma, amma ƙarami, bai kai na aiki ba. Aka ce ya bar sigari, ya riƙe maganin hawan jini, ya riƙa dawowa ana aunawa. Da muka fito ya tsaya a bakin ƙofar asibiti, ya daɗe yana kallon takardar da ba ya iya karantawa. Ya ninke ta ya sa a aljihu.

Na ce, "Baffa, in kai ka shago?"

Ya ce, "A'a. Mu je wajen Yaya. Gara ya ji daga bakina."